Dukan tsakuwa, naitirojin ko shafe: wanne ne ke ƙara wa sifirin kwana?

Ɗauki sifirin mai naɗi wanda ya karye a bakin aiki, ka goge bakin karayar, ka duba da gilashin ƙara girma. Za ka ga wani ɗan fili mai santsi, siffar rabin wata, wanda ya faro daga fatar wayar ya ci ciki. Sauran bakin kuwa kaushi gare shi, domin nan ne ya tsinke farat ɗaya bayan tsagar ta gama cin abin da za ta ci. Karayar takan kwanta a karkace, kusan digiri 45 da tsawon wayar, kuma galibi tushenta yana ta cikin zagayen, inda ido ba ya saurin kaiwa. Wannan ita ce gajiyar ƙarfe: nauyin da sifirin ke ɗauka lafiya lau sau ɗaya, idan aka yi ta maimaita shi sau miliyoyi, sai ya buɗe tsaga.

Akwai dalilin da ya sa daga fata abin ke farawa. Idan aka danne sifirin mai naɗi, murɗewa wayarsa take yi, a murɗi kuwa tsakiyar waya kusan ba ta ɗaukar komai, wahalar duk tana kan fata. Lanƙwasar zagayen kuma tana ƙara wa gefen ciki kaya. Bisa lissafin injiniya A. M. Wahl, idan faɗin zagaye ya ninka kaurin waya sau 8, gefen ciki yana ɗaukar ƙarin kusan kashi 18 cikin 100 a kan abin da lissafi mai sauƙi ke nunawa, idan sau 4 ne kuwa ƙarin ya kai kashi 40. Ga kuma yawan lotsawa. Sifirin bawul a injin mai bugu huɗu da ke juyi 3,000 a minti yana lotsawa sau 1,500 a minti, wato sau 90,000 a awa. Cikin awa 111 ya kusan cika miliyan 10. Ƙaramin karce da ba a bakin komai yake ba a jikin ƙusa, a jikin irin wannan sifirin shi ne ajalinsa.

Gyaran fata ba aiki ɗaya suke yi ba, kuma a nan mutane da yawa ke ruɗewa. Dukan tsakuwar ƙarfe da shigar da naitirojin suna ƙara wa ƙarfen kansa juriya. Shafen tutiya, fenti da danginsu ba sa ƙara ko kaɗan, aikinsu tare tsatsa ne, wasunsu ma suna rage juriyar da aka samu. Saboda haka tambayar farko ga mai zaɓi ita ce: me zai fara kashe wannan sifirin, yawan lotsawa ko tsatsa?

Kafin a kai ga kowane gyara, sai an duba wayar. Ƙarfen da aka zafafa a iska zuwa digiri 850 ko 900 a ma'aunin Selshiyas, kamar yadda ake yi wa manyan sifirin da ake naɗawa da zafi, yana rasa kabon ɗin fatarsa. Sai a sami ɓawo mai laushi a daidai wurin da aka fi bukatar ƙarfi, kuma duka ba ya maido da abin da aka rasa gaba ɗaya. Shi ya sa wayar sifirin bawul ake aske fatarta a masana'anta, sannan a bi ta da na'urar lantarki mai gano duk aibin da zurfinsa ya wuce kusan maikiron 40 (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Bayan naɗi kuma dole a gasa, domin naɗin sanyi yana barin ƙarfin ja a gefen cikin zagaye, wurin da dama ya fi shan wahala. Wayar kiɗa, wato irin wayar tsirkiyar kayan kiɗa mai yawan kabon, ana gasa ta a digiri 230 zuwa 260, mai kuromiyam da silikon kuwa kusan digiri 400 na rabin awa, kuma ba a barin ta ta kwana ba a gasa ba, don tana iya tsagewa da kanta.

Dukan tsakuwar ƙarfe

A masana'antu shot-pinin ake ce masa. Ana feso ƙananan tsakuwoyin ƙarfe masu zagaye da gudu, ko da iska ko da keken da ke juyawa, su yi ta bugun fatar sifirin. Kowace tsakuwa tana barin ɗan lotsi, tana shimfiɗa fatar wurin. Ƙarfen da ke ƙasa bai shimfiɗu ba, sai ya riƙe fatar ya matse ta. Sakamakon shi ne ɓawo mai zurfin kusan milimita 0.1 zuwa 0.3 wanda ke cikin matsi a kowane lokaci. Tsaga kuwa sai an ja bakinta take buɗewa, don haka dole nauyin aiki ya fara cinye wannan matsin kafin ya taɓa ƙarfen.

Ribar ba ƙarama ba ce. Alƙaluman injiniya F. P. Zimmerli na 1957, waɗanda har yau injiniyoyi ke lissafi da su ga wayar da ba ta kai milimita 10 ba, sun nuna sifirin da ba a daka ba yana jure kai-komon nauyi na MPa 241 (MPa ma'aunin nauyin da ke kan ƙarfe ne) a kan matsakaicin MPa 379 ba tare da ya karye ba, wanda aka daka kuwa MPa 398 a kan matsakaicin MPa 534. Ƙarin kusan kashi 65 cikin 100 ke nan a kai-komon. Idan aka bar nauyin yadda yake, ƙarin kwanan yakan ninka sau da yawa. Babu wani gyaran da ke ba da irin wannan riba da ɗan abin da ake kashewa a kansa, kuma a ra'ayinmu duk sifirin matsi da zai wuce lotsawa miliyan ɗaya, a daka shi, sai dai in akwai hujjar hanawa.

Sai dai rubuta "a daka" kawai a takardar zane bai wadatar ba. Abu uku ake faɗa. Na farko irin tsakuwa da girmanta. Lambar tsakuwar zubi tana nuna girmanta: S110 kusan milimita 0.3 ce, S170 kusan 0.43, S230 kusan 0.6, S330 kusan 0.84. Yankakkiyar waya da aka goge kusurwoyinta ta fi tsakuwar zubi daɗewa kuma ba ta cika fashewa ba. Taurinta ma abin lura ne: tsakuwa mai HRC 45 zuwa 52 (HRC ma'aunin tauri ne) ba ta iya lotsa sifirin da ya fi ta tauri yadda ya kamata, irin wannan sai mai HRC 55 zuwa 62. Girmanta kada ya wuce kusan kashi ɗaya cikin biyar na kaurin wayar, kuma ta iya ratsa tsakanin zagaye ta kai ciki.

Na biyu ƙarfin dukan, wanda ake aunawa da fallen Almen, sunan John Almen na kamfanin General Motors da ya ƙirƙiro shi a shekarun 1940. Ɗan falle ne mai tsawon milimita 76 da faɗin 19, iri uku: N mai kaurin 0.79, A mai 1.29, C mai 2.39. Ana ɗaure shi a dake fuska ɗaya, idan aka kwance sai ya tanƙware, tsayin tanƙwarar shi ne ma'auni. Ana daka fallaye da yawa a lokuta daban-daban, ƙarfin da ake rubutawa shi ne na inda ninka lokaci sau biyu ba ya ƙara tanƙwarar fiye da kashi 10 cikin 100. Na uku cikar duka, wato yawan fatar da lotsi ya rufe. Kashi 98 ake ɗauka a matsayin cika, idan aka ce kashi 200 kuwa ana nufin an ninka lokacin da aka ɗauka kafin a cika. Inda ya kamata a duba cikar shi ne gefen cikin zagaye. Sifirin na iya yin kyau sumul daga waje alhali cikinsa tsakuwa ba ta taɓa rabinsa ba, kuma hanyar ganewa ita ce a yanka ɗaya a duba da gilashi mai ninka girma sau 10.

Abin da ke ɓata aikin sananne ne. Fasasshiyar tsakuwa tana da kaifi, maimakon lotsi sai ta yi yanka, don haka injin da ba ya tace tsakuwarsa kullum ya fi rashin duka illa. Duka fiye da kima yana ninke fatar ya bar ƙananan tsagogi. Sifirin da suka sarƙe da juna a cikin gangar injin suna kare juna daga duka. Sai babban abin, zafi. Bayan duka ana ɗan gasawa a digiri 200 zuwa 250 na minti 20 zuwa 30, domin dakakken sifirin yana saurin zaunawa, wato ya rage tsawo ya ƙi komawa yadda yake, idan ba a yi haka ba. Amma da an haura kusan digiri 260, matsin da aka sha wahalar sakawa sai ya fara saki. Wannan iyakar ita ce ke hukunta duk wani shafe da zai biyo baya, ita ce kuma ke nuna cewa sifirin da zai yi aiki a cikin zafi mai yawa ba zai ci moriyar duka sosai ba.

Ba kowane sifirin ke dakuwa ba. Waya mai kaurin da bai kai kusan milimita 1 ba takan lanƙwashe da tsakuwar yau da kullum, sai da ƙananan ƙwayoyin gilashi ko na tangaran. Sifirin ja, mai zagaye manne da juna, tsakuwa ba ta shiga cikinsa, shi kuma dama a ƙugiya yake karyewa, don haka gyaran siffar ƙugiyar ya fi masa amfani. Ga sifirin mota mai falle-falle kuwa akwai hanyar da ta fi: a tanƙwara fallen a kan na'ura, a dake fuskar da ke shan ja yana a tanƙware, idan aka sake shi matsin ya fi zurfi da ƙarfi. Ana kuma yin duka biyu, babbar tsakuwa don zurfi, sannan ƙarama don ta gyara kaushin da ta farko ta bari.

Naitirojin

Idan duka kaɗai bai isa ba, kamar a sifirin bawul na injin mai saurin juyi, sai a koma ga naitiraidin. Ana saka sifirin a tanda mai iskar amoniya na awoyi, naitirojin ya ratsa fata ya taurara ta, ya kuma bar nasa matsin wanda ya fi na duka jure zafi. Naitiraidin na sauran kayan inji yakan kai digiri 500 zuwa sama, amma na sifirin ana tsayar da shi tsakanin kusan 400 da 470, domin kada cikin wayar ya yi laushi. Ko a hakan sai ƙarfe na musamman mai silikon da kuromiyam, galibi da banadiyam ko molibdinam. Wayar kiɗa ba ta ɗauka, ƙarfinta zubewa yake yi. Abin tsoro a nan shi ne farin ɓawo mai gautsi da ke fitowa a saman fata: idan ya wuce 'yan maikiron kaɗan, shi zai fara tsagewa. Naitiraidin kuma ba ya maye gurbin duka, bayansa ake daka, da tsakuwa mai tauri sosai.

Akwai iyakar da ake cin karo da ita a nan. Idan fata ta yi ƙarfi sosai, tsagar sai ta koma ciki, ta faro daga wani ɗan ƙwayar datti da ya maƙale a ƙarfen tun daga narka. A bakin karayar za ka ga farin da'ira kamar idon kifi, da ɗigo a tsakiya. Ganin wannan yana nufin gyaran fata ya yi iyakar aikinsa, abin da ya rage sai waya mai tsabta. Biyan kuɗin naitiraidin a kan waya mai datti asara ce.

Shafe da matsalar haidirojin

A busasshiyar iska ƙarfen sifirin yana da iyakar nauyin da in ba a wuce ta ba zai daɗe ƙwarai. Da ruwa, musamman mai gishiri, ya shigo, wannan iyakar ta tafi. Tsatsa tana haƙa ƙananan ramuka, ramin da ya kai zurfin ɓawon matsi ya shafe ribar duka, tsaga ta faro daga gindinsa. Shi ya sa sifirin ƙafar mota ya fi karyewa a zagayen ƙasa, inda yashi da ruwa ke taruwa a mazauninsa suna goge fenti. Ga irin wannan, shafe ba ado ba ne.

Shafen tutiya na lantarki, mai kaurin maikiron 5 zuwa 12, shi ne mafi araha da sheƙi, shi ne kuma mafi haɗari. A wankin asid da ake yi kafin shafe, da cikin ruwan shafen kansa, haidirojin yana shiga ƙarfe. Duk ƙarfen da ƙarfin jansa ya kai MPa 1,000 yana cikin haɗari, wayar sifirin kuwa takan kai 1,800 zuwa sama da 2,000. Haidirojin yana taruwa inda ja ya fi yawa ya mayar da ƙarfen mai gautsi. Alamarsa daban take da ta gajiya: sifirin yana ajiye a danne, ba ya motsi, bayan awoyi ko kwanaki sai kawai ya tsinke, bakin karayar yana ƙyalli kamar ƙwayoyin sukari.

Maganin da ƙa'idojin ISO 9588 da ASTM B850 suka tanada shi ne gashi a digiri 190 zuwa 220, a fara cikin awa 3 da fitowa daga ruwan shafe, cikin awa 1 ya fi. Tsawonsa yana bin ƙarfin ƙarfen, daga awa 8 ga mai kusan MPa 1,000 har awa 22 ga mai kusan 1,800. Ana gasawa kafin a yi wankan kuromet na ƙarshe, wanda ke kare tutiyar kanta daga tsatsa, don zafi yana lalata shi. Gashin yana rage haɗarin ne kawai, domin ita kanta tutiyar mai sheƙi tana toshe wa haidirojin hanyar fita. Wanda ya zama dole ya yi wannan shafen, ya share tsatsa da feshi maimakon asid, sannan ya ɗebi samfuri daga kowane zubi ya danne su zuwa iyakar aikinsu na awa 48 ya ga ko akwai mai karyewa. Wata matsalar kuma, lantarki ba ya kai tutiya cikin zagaye sosai, sai wurin da ya fi bukatar kariya ya fi ƙarancinta. Shafen kurom mai tauri ya fi muni ga gajiya, domin shi kansa cike yake da ƙananan tsagogi waɗanda ke ratsawa cikin ƙarfe. Kadmiyam yana kare tsatsa da kyau amma guba ne, dokokin Tarayyar Turai sun taƙaita shi ƙwarai.

Akwai hanyoyin kai tutiya jikin sifirin ba da lantarki ba. A shafen ganga, ana juya sifirin da garin tutiya da ƙwayoyin gilashi har garin ya manne, haɗarin haidirojin kaɗan ne, amma sifirin masu sarƙewa suna wahala. Shafen ɓawon tutiya da alminiyam, irin su Geomet da Delta-Protekt, ana tsomawa ne a gasa. Kaurinsa kusan maikiron 8 zuwa 12, yana shiga ciki da waje, ba ya bukatar asid, kuma yakan jure awa 480 zuwa sama da 720 a gwajin feshin gishiri na ISO 9227. Ga ƙananan sifirin da matsakaita da ke aiki a waje, shi ne zaɓin da ya fi kwanciyar hankali. Abin tambaya shi ne zafin gashinsa: wasu nau'o'in a kusan digiri 300 ake gasa su, sun haura iyakar duka, wasu kuma a 200 zuwa 240. Ga dakakken sifirin a nemi mai ƙaramin zafi. Tsomawa a narkakkiyar tutiya kuwa a digiri 450 ake yi, tana lalata taurin sifirin da matsin duka gaba ɗaya, kada a kusance ta.

Manyan sifirin ƙafar mota fosfet ɗin tutiya ake fara yi musu, sannan fentin gari na efoksi da ake gasawa a digiri 160 zuwa 200, ƙasa da iyakar. Rauninsa dutse ne da gogayya, shi ya sa ake ƙara masa kauri ko a yi shi hawa biyu, a kuma sa robar kariya a zagayen ƙasa. Fosfet da mai kaɗai, ko baƙin rini mai kaurin kusan maikiron 1, sun isa ga sifirin da zai zauna cikin man inji ko a rufaffen wuri, a waje kuwa ba sa daɗewa.

Sitenles, wato ƙarfen da ba ya saurin tsatsa, yana kawar da bukatar shafe, amma juriyarsa ga gajiya ba ta kai ta ƙarfe mai kuromiyam da silikon ba. Idan za a daka shi, a yi da tsakuwar sitenles, gilashi ko tangaran, domin tsakuwar baƙin ƙarfe tana barin ɓurɓushi da ke tsatsa a jikinsa. Gogewar lantarki tana cire 'yan maikiron daga fata ta share karce, tana da amfani ga siririyar wayar da ba ta dakuwa. Bayan duka ma ana iya yin ta, muddin abin da za a cire kaɗan ne ƙwarai a kan zurfin ɓawon matsi.

Jerin aikin shi kansa yana cikin zaɓin. Ga sifirin matsi da aka naɗa da sanyi: naɗi, gashin farko mai zafi, wasa bakuna biyu, duka, ɗan gashi na biyu, dannewa har zagaye su haɗu don ya zauna tun a masana'anta, sannan shafe. Idan aka kai gashin farko bayan duka, an ƙona matsin. Duka yana kuma ɗan sauya tsawon sifirin da ƙarfinsa, don haka awon ƙarshe bayan an gama komai ake yi, mai naɗi kuma ya bar wa wannan sauyin wuri tun farko.

Sifirin da ke cikin mai yana lotsawa ba tsayawa, waya mai tsabta da duka ya isa, naitiraidin sai nauyi ya wuce abin da duka ke ɗauka. Wanda ke shan ruwa da gishiri yana kuma lotsawa, duka da shafe mai gashi ƙasa da digiri 250. Wanda kusan a danne yake zaune, motsinsa 'yan dubbai ne a rayuwarsa, duka ba zai ƙara masa komai ba, abin kiyayewa a kansa haidirojin ne da tsatsa. Idan zaɓi biyu suka yi kunnen doki, a gwada su a injin lotsawa a daidai tsayin da za su yi aiki, aƙalla guda 8 zuwa 10 daga kowane, domin sakamakon gajiya yana warwatsuwa sosai kuma mafi saurin karyewa ake dubawa. Ga masu aiki a waje, a fara karce shafen a bi da su ta feshin gishiri kafin a ɗora su a injin, sannan kowane da ya karye a duba bakinsa a ga daga ina tsagar ta faro: fata, ramin tsatsa, ko idon kifi.